Wayar da ke kai muryoyi Dannet

Abokina direba ne, Ba'abzine, ya girme ni da kaɗan. Mun saba tun muna aiki a mahaƙar uraniyom ta Akokan, shi yana tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, ni ina magaza, ɗakin ajiyar kayan aiki, in kuma turawa sun rasa ta inda za su fahimci ma'aikata sai a aiko a kira ni. Daga nan ya laƙa mini Tafinta, ni kuma na rama da Madugu. Sunayen suka bi mu har tsufa.

Da muka yi retret, wato ritaya, ni na zauna gida a Arlit ina lallaɓa gwiwa. Shi kuwa zama ba ya karɓarsa. Ya sayi tsohuwar kat-kat, motar shiga daji, ya shiga kai shinkafa da taliya da sukari da ganyen shayi ga makiyayan kwarurukan Dannet, ya dawo da awaki da cuku. Can ciki babu rezo, wato sabis ɗin waya. Sai mutum ya hau tudu ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, wata rana ta kama, wata rana ya sauko da haushi. Samarin wurin kuwa sun watse, wasu Tamanrasset, wasu wajen haƙar zinariya, wasu Libiya. Iyayen ba su yi boko ba, rubutu ba ya musu amfani.

Haka wayar Madugu ta zama jakar saƙon kwari guda. Saurayi yana can ƙasar wasu zai yi vokal, wato saƙon murya, ya turo wa lambar Madugu. In Madugu ya isa bakin rijiya sai ya aika a kira uwar ko matar, ya buɗe mata saƙon, ya miƙa mata wayar, shi kuma ya zagaya bayan mota ya shiga duba tayoyin da babu abin da ya same su. In ta gama saurare ta danna ta faɗi nata. Ranar da ya dawo Arlit, rezo ya kama, amsoshin su tashi su tafi. Bai taɓa karɓar ko kofin madara don wannan aikin ba, kuma kowa a kwarin ya san ba ya saurare. Mata suna faɗa wa wayar nan abin da ba za su faɗa wa ƴan'uwansu na ciki ɗaya ba.

Ba ya kuma goge komai. Na sha yi masa magana a kai.

"Madugu, wayar nan ta cika har tana nishi. Wanda ya riga ya tafi, share shi mana."

"Ni ne ya faɗa, da zan share? Maganar mutane ne. Tsohuwa ya kan ce in sake sa masa muryar ɗansa na bara. In ce masa na zubar?"

Hausarsa ke nan, ba ta raba mace da namiji, kuma duk tsawon zamanmu ban ga ta hana shi cin kowa a gardama ba.

Ni na ɗan zaga duniya, kuma tsufa bai hana ni kallo ba. A Faransa, lokacin da na je wajen ɗana, na ga mutum ba ya ajiye waya a kan tebur sai ya kifa fuskarta, ba ta buɗuwa sai da yatsansa, ko matarsa ba ta san kod ɗin ba, wato lambar sirrin buɗe ta. A Kwatano na ga ƴan kasuwa da waya biyu, ɗaya ta kuɗi wadda ba a saka mata komai, ɗaya ta hira da shirme. A Makka na ga alhazai suna rataye tasu a wuya cikin riga kamar laya. Duk wuraren nan mutane sun ɗauki waya kamar ɗakin kwana. Mu a nan mun ɗauke ta kamar randar ƙofar gida. Kana zaune a majalisa wani zai miƙo hannu, "ara mini in kira," ka ba shi ba tare da ka ɗaga kai ba. A da ina ganin mu ne muka fi su, har ina yi wa ɗana dariya. Yanzu ban san abin da zan ce ba.

Na taɓa ce wa Madugu ya sa kod.

"Kwaɗo a kan randa? Kai Tafinta, zama da nasara ya ɓata ka."

Abin ya faru ina Yamai, wajen ƴata, ana yi mini aikin ido. Wata safiya bayan na karya sai saƙo ya shigo daga lambar Madugu. Rubutu ne da Faransanci, wai mahaifiyarsa tana likita rai a hannun Allah, a taimaka a tura abin da ya sawwaƙa ga wata lamba. A ƙarƙashinsa akwai vokal. Nan take na san da matsala, don Madugu ba ya rubutu, kuma da ni aka binne mahaifiyarsa tun muna da ƙarfinmu. Amma na danna muryar.

Wata tsohuwa ce take magana da Tamajak, harshen su Madugu, tana kuka a hankali, irin kukan da ake yi don kada na ɗaki ya ji. Ba ta ambaci likita ba, ba ta roƙi kowa komai ba. Da ɗanta take magana, wanda ke Tamanrasset. Tana gaya masa cewa hankalin mahaifinsa ya tafi. Ba ya gane ta, yana kiranta da sunan uwarsa. Yana ɓata shimfiɗa, ita take wanke shi kafin gari ya waye. Ta kafa masa bukkar tabarma can nesa da rijiya, tana ce wa mutane ya bi raƙuma gabas. Ta ce, "Kada ka gaya wa kowa, ko ƙannenka. Ina so a tuna da shi yadda aka san shi."

Na san mutumin, ko da yake sama-sama. Babu wanda ya taɓa ratsa Dannet bai ji labarinsa ba. Shi ake kira in an yi rigima a kan rijiya, ya zauna ya ji kowa, ya yi magana ɗaya a tashi. Ya san shaidar raƙuman kowane gida. Ko manyan mutane in za su je gabansa sai sun gyara rawani.

Na so in tsayar da muryar tun daga farko, yatsana bai motsa ba. Har ta kai ƙarshe.

Waɗanda suka turo saƙon ba sa jin Tamajak, wannan a fili yake. Sun tona cikin muryoyin da suka sata, suka ji wata tana kuka, suka ce wannan za ta sa a tausaya. Suka aika wa duk lambar da ke wayar Madugu. Lambobin nan kuwa su wane ne? Duk saurayin Dannet da ke waje, da direbobin tasha, da masu butik, wato shaguna, da dillalan awaki. Mafi yawansu Tamajak suka sha a nono.

Na kira shi, ba ta shiga. Yana daji.

Sai da likita ya sallame ni na kama hanya, kuma wanda ya san hanyar Tawa zuwa Arlit ya san ba a yi mata gaggawa. Ko da na iso, Madugu ya dawo, labari ya riga shi shiga gari ya kuma riga ni. Na same shi da hantsi a ƙofar gidansa, ya shimfiɗa tabarma a inuwar motar, wayar tana gefe can ƙarshen tabarmar kamar wani abu mai wari. Ya ja amawali har kusa da ido.

Muka gaisa, ya tambayi idona, na tambayi hanya. Sannan ya ce, "Ka ji shi?"

"Na ji."

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

Ya gyaɗa kai. "Kowa ya ji. Ni kaɗai ne ban ji ba. Ni da na ɗauko shi."

Na ce ya ba ni wayar. Na tambaye shi ko ya saka mata wani sabon abu kafin ya tafi. Ya ce e, wata aplikasiyo ce, wato manhajar waya, mai nuna hanyar daji ko babu rezo, wai har da rijiyoyi. Wani direba Badamagare ya ba shi a tasha. Haka direbobinmu suke yi. Kiredi, wato kuɗin waya, yana da tsada, rezo yana da nauyi, don haka ba mai zuwa kantin da ke cikin waya ya sauko da abu. Ana kara waya kusa da waya, abin ya tsallaka, kamar yadda ake miƙa wa juna garin taba. Wanda aka miƙa wa kuma ba ya cewa a'a, don ƙin kyautar abokin hanya raini ne.

Na shiga inda waya take nuna abin da aka yarje wa kowace aplikasiyo. Na karanta masa, ina juyawa da Hausa. An ba ta lambobin mutane. An ba ta hotuna da duk abin da ke ajiye. An ba ta makirfo, kunnen wayar. An ba ta izinin karanta saƙonnin da ke shigowa, kuma ta nan suka ɗauke kod ɗin da ake turowa, suka buɗe hirarsa a wata waya can inda suke. Ya tuna cewa safiyar da zai tafi daji, wurin hirar da ke wayar ya ƙi buɗuwa, ya ɗauka iskancin rezo ne.

"Madugu, in ka ɗauki ɗan jagora zuwa Bilma, zai ce ka kwance masa kayanka ya duba? Zai ce ka gaya masa sunayen danginka? Mai nuna hanya me zai yi da saƙonninka?"

"Ai ya tambaya."

"Wa?"

"Abin. Ya tambaya, ya sake tambaya. In shiga? Na ce shiga. In shiga nan ma? Na ce shiga." Ya buɗe tafin hannunsa. "Ɓarawo yana sallama, Tafinta? A ina ka taɓa gani, cikin duk yawonka?"

Na ce na gani, a wayoyi ɓarawo da sallama yake zuwa, kuma ya fi kowa ladabi. Bai yi dariya ba.

Da la'asar muka je tasha neman Badamagaren, don a hana abin ci gaba da yawo. Muka same shi a ƙarƙashin kamiyonsa. Ya fito yana goge hannu, da ya ji abin da ya kawo mu sai ya dafe kai.

"Wallahi Baba, ni ma wani ya ba ni a Agadas. Kuma ko rijiya ɗaya bai taɓa nuna mini ba, sai tallar ƴan mata."

"To me ya sa ka ba mutane?" in ji ni.

"Alhaji, abu ne na kyauta. In riƙe ni kaɗai a ce ni marowaci ne?" Ya ciro tasa wayar yana juya ta. "Ni me za su samu a nan? Wa'azi da hoton gyaran injin. Su je su sha."

Wani karen mota da ke gefe ya ce, "Da hoton bazawarar nan ta Cirozerin."

"Kai, rufe mini baki, ana maganar manya!"

Aka yi dariya, har ni. Madugu ya jira ta lafa, ya ce wa Badamagaren ba ya riƙe shi da komai, kyauta ya ba shi da zuciya ɗaya. Ya roƙe shi dai ya cire abin, ya kuma gaya wa duk wanda ya ba. Daga nan muka wuce kasuwa wajen mai gyaran waya. Ya ce sai an wanke ta gaba ɗaya. Na ce ana iya kwashe muryoyin a ajiye a wani kati tukuna, babu wuya. Madugu ya ce a'a, a wanke duka.

"Na tsohuwar da ke son jin ɗanta fa?"

"Ba ni riƙe maganar kowa kuma."

Wasu samarin, jin kuka da ganin lambar Madugu, sun riga sun tura kuɗin da suka tura kafin su saurara da kyau. Wannan ya dame shi, amma ba shi ne ya hana shi cin abinci ba.

Da zai koma Dannet ya ce in raka shi. "Kai ne tafinta. Ka gaya musu yadda abin ya shiga. In ni na faɗa, za a ce ina wanke kaina." Na bi shi, gwiwa tana ƙorafi a kowane rami.

A bakin rijiya na yi wa maza bayani da Tamajak ɗina na kasuwa. Na yi tafinta tsakanin injiniyoyi da leburori, na yi tsakanin alhazai da Larabawa, ban taɓa shan wuya irin ta ranar ba. Ta yaya za ka gaya wa makiyayi cewa wani da bai taɓa taka ƙasar nan ba, bai san sunan kwarin ba, ya shiga jakar da ke aljihun Madugu ya kwashe, alhali jakar ba ta bar aljihun ba? Na ce musu kamar baƙo ne da ya zo da kayan malamai, aka ba shi masauki, ashe ɗan leƙen asirin mahara ne. Wannan suka gane. Suka ce Allah ya ƙaddara, Madugu ba shi da laifi. Sun faɗa da gaske, ba don kunya ba. Na gaya musu kuma, masu waya a cikinsu, kada su karɓi aplikasiyo daga hannu zuwa hannu, in kuma abu ya nemi shiga inda ba aikinsa ba, su hana shi. Wani dattijo ya ce, "To, yanzu har ƙarfe za mu koyi yi wa rowa."

Na ɗauka an gama. Ashe abin da ya fi nauyi yana gaba.

A wurinsu, kamar a wurinmu, in an ji mutum ba shi da lafiya dole a je gaishe shi. Wanda ya ji bai je ba ya yi abin kunya. Muddin ana cewa tsohon ya bi raƙuma, ba a bin kowa ziyara. Yanzu kuwa kowa ya ji, kuma kowa ya san kowa ya ji. Don haka tun kafin mu zo mutane suke ta zuwa, daga kwarin da ma wasu kwaruruka, a kan raƙuma da jakuna, da sukarinsu da shayinsu. Ba mai zuwa don gulma. Girmamawa ce ta kawo su, kuma ita ce tsohuwar ta yi ta gudu.

Muka bi sahu muka je. Bukkar tana gindin wata ƙaya, an ɗage tabarmar gaba. Maza suna zaune a rairayi sun yi da'ira, tsohon yana tsakiya a kan buzu. Amawalinsa ya zame, bakinsa a buɗe a gaban surukansa da ƴaƴan abokansa, mutanen da tun da aka haife su ba su taɓa ganin haɓarsa ba. Yana murmushi yana tambayar kowa ko ya ga innarsa, ta tafi ɗebo ruwa ba ta dawo ba. Mazan suka dukar da kai suna zane a ƙasa da yatsa. Wani ya ce masa tana nan tafe. Matar ta fito daga bayan bukka, ta durƙusa, ta ja masa amawalin ta rufe, ta koma. Bai jima ba ya sake janye shi.

Da mutane suka ragu, Madugu ya zagaya inda take tana dama fura. Na tsaya nesa kaɗan, amma ina ji. Da Tamajak suka yi.

"Yaya, na zo."

"Na gan ka, ƙanena. Ka sha hanya."

"Amanarki ta zube a hannuna."

Ta ci gaba da damawa. "An gaya mini ba kai ba ne. Na kuma san ba ka taɓa saurare ba." Ta tsaya ta goge ludayin da yatsa. "Da ma kai ka saurara. Kunne ɗaya ne, kuma na san mai shi."

Ta zuba fura a ƙwarya ta miƙa masa, ta zuba wata ta ce ya kai wa baƙonsa. Muka sha.

A hanyar dawowa muna ta tafiya har fitilun ma'aikata suka fara bayyana daga nesa, rana tana shirin faɗuwa. Madugu ya ce, "A can inda ka je, Faransa, in abu irin wannan ya faru, me suke yi?" Na ce suna canza kod, su kai ƙara, su sayi wata wayar. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce galibi shi ke nan, don kowa nasa kawai yake ɗauke da shi.

Madugu yana nan yana zuwa Dannet da shinkafa da sukari. Babbar wayar ya ba jikarsa, ya sayi ƙarama mai maɓallai, wadda ba ta san komai ba sai kira. Wasu matan sun roƙe shi ya dawo da aikin, na kuma ce zan saita masa wayar da kaina, in sa kod, in rufe duk ƙofar da ba ta da amfani, mu riƙa goge abin da ya riga ya isa. Ya ƙi. Akwai wasu direbobin masu manyan wayoyi da ke ratsa kwarin, amma ban ji an ce wata ta karɓi wayar ɗayansu ta zagaya bayan bukka ba. Yanzu da baki ake ba Madugu saƙo, a gaban mutane, shi kuma ya faɗa da baki. Abin da ake iya faɗa a haka ba shi da yawa.

Kwanan baya muna zaune a ƙofar gidana bayan azahar, ƙaramar wayar ta yi ƙara. Ɗan tsohuwar ne daga Tamanrasset. Wayar tana da amo, duk abin da yake faɗa ina ji. Suka gaisa da Tamajak, ya tambayi mutanen kwari gida gida. Sannan ya zo kan mahaifinsa.

"Kawu, tsohon fa? Yaya yake, tsakani da Allah?"

"Uwarka ta ce in gaya maka suna lafiya. An yi ruwa a gabas. Awaki sun haihu."

"Ba ta ce komai ba kuma?"

"Abin da ta ce ke nan."

"Kai da ka gan shi fa, Kawu?"

Madugu ya dubi ƙasa. "Ni saƙo aka ba ni, ɗana. Na kuma faɗa maka."

Yaron ya yi godiya, ya ce a gaida kowa. Muka zauna har aka kira la'asar, sannan Madugu ya miƙo mini hannu ya taimake ni na tashi.